Gas ɗin Bonny namu ne, me ya hana jirgi shan sa a Legas?

Baban Hadiza, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ke tafe da ni, kuma ba ta hira ba ce, kuɗi ne a hannu nake so in san inda zan zuba su.

Shekarata 27 a Legas. Da yaron mota na fara, a tankar mai, muna lodi a Ibafon muna kaiwa Kano da Gusau. Yau cikin ikon Allah ni da ƙanena muna da jiragen ja guda biyu, waɗanda yaran ruwa ke ce wa tog, da baji uku, wato jiragen dakon kaya marasa inji da tog ke ja. Aikinmu mu ɗauki kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tin Can mu bi ta ruwa mu sauke a Ikorodu. Mun shiga sana'ar ne lokacin da cunkoson Apapa ya kai mota ta yi sati biyu a layi tun daga Ijora ba ta ga ƙofar tasha ba, kafin a kawo tsarin Eto na ba motoci izinin shiga tasha ta intanet a 2021. Aiki akwai, alhamdu lillahi. Abin da ke cinye mu shi ne dizal. Mu direbobi gas muke ce masa, amma a nan zan riƙa cewa dizal don kada ya cakuɗe da iskar gas ɗin da nake tambaya a kai. Babban tog ɗinmu, zuwa Ikorodu da dawowa, ba ya shan ƙasa da lita 700, in kuma ya yi karo da ruwa mai janyewa sai abin ya haura. Duk Juma'a ni nake zama da littafin mai, kuma rabin abin da muka samo a mako a nan nake ganin ya tafi.

Yanzu injin wannan babban ya gaji. Sau biyu ana sauke shi ana gyarawa, har yanzu yana shan man juye kamar ruwa, hayaƙinsa kuwa tun daga kan gadar Carter ake hango shi. Bakanikenmu ya ce kada in bari damina ta same mu da shi.

Sati uku da suka wuce wani dillalin injuna ya zo ofishinmu da takardu masu hotuna. Ya nuna mini injin da ke aiki da dizal da kuma LNG, wato iskar gas da aka sanyaya ta koma ruwa. Kuɗinsa ya fi na injin dizal zalla nesa ba kusa ba, ban da tanki da bututai. Ya ce cikin shekara uku zan mayar da bambancin, domin gas namu ne, a Bonny ta jihar Ribas ake yin sa, kuma duniya can ta nufa.

Maganarsa ta tuna mini wani abu. A watan Janairun 2024 na je Lekki neman kwangila, na tarar da jirgin nan CMA CGM Scandola a tsaye a tasha. Tsawonsa mita 366, mutum sai ya juya wuya kafin ya ga ƙarshensa. Na daɗe ina kallon bututun hayaƙinsa, ban ga baƙi ko ɗis ba. Aka ce mini da LNG yake tafiya. Na tambayi wani ma'aikacin tashar ko a nan zai sha gas ɗinsa, ya girgiza kai ya ce da abinsa yake zuwa, da abinsa yake komawa. Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Jirgi ya zo ƙasar da ke loda wa Turai gas, amma ba shi da inda zai sha ko cokali guda.

To 'yan'uwa masu ilimin abin, ku taimaka mini. Me ya hana a riƙa ba jirgi wannan gas a Legas? Daga Bonny zuwa bakin jetinmu, nawa kuɗin kaiwa yake ƙarawa a kan kuɗin gas ɗin kansa? Kuma ni da nake da tog biyu, in sayi injin nan ko in bar shi?

Injiniyan Jirgi, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Alhaji. A makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron na yi karatu, na kuma yi shekara 11 a ɗakin inji, huɗu daga ciki a jiragen dakon gas. Abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba, amma ya ba ka farkon labari da ƙarshensa ya tsallake tsakiya. Kamfanin NLNG mai sanyaya gas a tsibirin Bonny tun 1999 yake loda jirage. Layukansa shida na sanyaya gas suna iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, ana kuma gina na bakwai da zai kai shi miliyan 30. Gas kam akwai. Duniya ma ta juya: daga 1 ga Janairun 2020 hukumar IMO mai kula da sufurin teku ta rage farar wutar da aka yarda man jirgi ya ƙunsa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100, a tekunan arewacin Turai da gaɓar Amurka ma kashi 0.1 ne. LNG kusan babu farar wuta a cikinsa, shi ya sa manyan kamfanoni suka shiga yin odar jirage masu shan sa. Ƙasar Norwe ta riga kowa, a shekarar 2000 ta ƙaddamar da jirgin fito mai suna Glutra mai aiki da shi.

Tsakiyar labarin kuwa ita ce sanyi. Ka san mai tallan ƙanƙara a Agege: ba ruwa yake sayarwa ba, sanyi yake sayarwa, kuma tun daga lokacin da ya fito da ita daga firiza hajarsa take raguwa. Haka LNG yake. Sai an kai shi digiri 162 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600. Daga nan har ya shiga injinka, duk abin da zai taɓa, tanki ne, bututu ne, famfo ne, tiyo ne, dole ya zama mai jure wannan sanyi. Ƙarfen jirgi na yau da kullum in LNG ya zuba a kansa tsagewa yake yi kamar tangaran. Shi ya sa lokacin lodi muke sa tiren sitenles ƙarƙashin mahaɗar tiyo, mu kuma saki ruwa yana ta kwarara a jikin jirgi har a gama. Sannan duk kyawun tanki zafi yana kutsawa, kullum wani ɓangare yana komawa iska. Babban jirgi mai tafiya dare da rana yana ƙona wannan tururin a injinsa, bai yi asara ba. Tog ɗin da ya yi kwana biyar a ɗaure yana jiran a saki kwantena fa? Matsi ne zai yi ta hawa a tankinsa.

Hanya uku ake ba jirgi LNG: da tankar titi a bakin tasha, ko ta bututu daga rumbun da aka gina a gaɓa, ko ƙaramin jirgin rabo ya jingina da babban ya juye masa. Scandola ɗin da ka gani yana da tarihi a wannan harka. A watan Maris na 2021 a Singafo jirgin rabo mai suna FueLNG Bellina ya jingina da shi ya ba shi kubik mita 7,100, alhali ana cikin yi masa lodi da saukalen kwantena. Tankar titi guda kubik mita 45 zuwa 50 take ɗauka, kimanin tan 20. Raba ka gani, tanka wajen 150 ke nan. Ka jera su a hanyar Lekki zuwa Epe, kowace tana bukatar awa ɗaya zuwa biyu kafin a ɗaura tiyo a juye a kwance. Jirgin sai ya yi sati a tasha, kuma babu kamfanin da zai yarda da haka. Don haka manyan jirage sai da jirgin rabo, shi kuwa babu shi a ruwan Legas.

Su ma masu jiragen sun san da haka, sai suka ƙera tankunansu yadda ba za su ji ƙishi a hanya ba. Jirgin Jacques Saadé, wanda ya fara aiki a 2020, tankinsa kubik mita 18,600 ne, an yi shi don ya je Asiya daga Turai ya dawo da sha ɗaya. Bonny kuma an gina jetinta ne don jiragen da ke ɗaukar sama da kubik mita 120,000. Ƙaramin jirgi mai neman 5,000 sai an duba ko bakin bututunsa zai kai hannun lodi, sai kuma an nema masa gurbi tsakanin manya masu kwangila.

Mai Tanka, Ijora:

Maigida barka da warhaka. Ka san ni, tare muka ci layin Ibafon lokacin kana hannun marigayi ubangidanku, Allah ya jiƙansa. Na yi shekara biyu ina jan tankar LNG daga jihar Ribas zuwa masana'antu a Ogun da nan Legas, don haka bari in ɗora a kan maganar Injiniya ta ɓangaren titi.

Tankar dizal ka san a gida ake ƙera ta. Mai walda ya lanƙwasa faranti ya haɗa, in ta fara ɗiga a hanya sabulu ma ya isa ya kai ka gari na gaba. Ta LNG tanki biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar fulas ɗin mai shayi. Daga waje ake kawo ta, da dala. Ranar da na fara lodi aka ba ni safar hannu har gwiwar hannu da gilashin rufe fuska. Ana buɗe bawul sai na ga tiyo ya yi fari fat da ƙanƙara, da tsakar rana, gumi yana bin bayana. Wani farin hazo ya kwanta a ƙasa yana zagaya ƙafafunmu. Wanda ke koya mana ya ce duk wanda ya dafa wannan ƙarfen da tsiraran hannu, fatarsa a nan za ta zauna.

Kuma ba a juye ta ƙarƙaf. Dole ka bar ɗan saura a ciki don tankin ya zauna da sanyinsa, in ba haka ba ka koma sai an ɓata awanni da gas ana sanyaya shi kafin a loda maka. Ka ga ke nan abin da ka ɗauko daban, abin da ka sauke daban.

Hanya kusan kilomita 600 ce, ta Warri, Benin, Ore, Shagamu. In Allah ya sa ta yi kyau, kwana biyu. Akwai damina da muka yi kwana huɗu a tsaye kafin Benin saboda tirela ta kife a inda titi ya burme. Masu dizal suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota suna barcinsu. Ni kuwa duk bayan awa biyu sai na zaga baya na haska agogon matsi da tocila, allura tana hawa kaɗan-kaɗan, in kira ofis in faɗa musu lamba. Ba ta kai inda bawul zai buɗe da kansa ba, Allah ya kiyaye, amma ban runtsa ba. Masana'antar da ke jirana ta koma dizal na kwana biyu, aka zare bambancin daga kuɗin kamfaninmu.

Sai kuma dawowa fanko. Mai tirela in ya kawo albasa Mile 12 zai koma da siminti ko taliya, tafiya biyu kuɗi biyu. Tankar LNG ba ta ɗaukar komai sai LNG. Kilomita 1,200 ake biya, da taya, da albashi, da na masu tare hanya, don a kai tan 20.

Abin da ya sa duk da haka masana'antu suke cin riba shi ne dare da rana suke ƙona shi, wannan tanka tana juyewa waccan tana Ore. Kai Maigida, tog ɗinka nawa zai sha a mako?

Maman Abba, Apapa:

Alhaji ina gaisuwa. Ni akanta ce a wani kamfani da ke sayar wa jirage dizal a nan Apapa, shekarata tara a kan wannan tebur. Tambayar da Malam Mai Tanka ya rufe da ita, ita ce lissafin gaba ɗaya, bari in amsa ta da alƙalumanka.

Lita 700 na dizal kimanin kilo 590 ne. Kilo guda na LNG ya fi kilo guda na dizal ƙarfi, don haka rabin tan zai yi maka aikin wannan lita 700. Amma ba shi da nauyi, rabin tan ɗin sai ya cika lita 1,100 da ɗoriya. In aka haɗa da kaurin bangon tanki da siffarsa mai kamar ganga, wurin da zai ci ya kai ninki uku na tankin dizal, tog kuwa ba shi da fili.

Yanzu tanka guda tan 20, tafiya 40 ke nan. In kana zuwa Ikorodu sau biyar a mako, sai ka yi wata biyu kafin ka shanye tanka ɗaya. Babu kamfanin da zai bar maka tankarsa ta kwana 60 a bakin ruwa. Dole ka gina rumbunka a gaɓa, da famfo, da kayan kashe gobara, da fili a kewaye inda ba a yarda a ƙyasta ko ashana ba, da ma'aikacin da aka horar yana tsaron wurin. Duk wannan kuɗi a kan tan 130 kacal zai hau a shekara.

Ko a babban mataki haka lissafin yake. Ga misali, kuma lambobin ni na zaɓe su don sauƙin rabawa, ba farashin kowa ba ne. A ce jirgin rabon LNG yana cin dala 20,000 a rana, haya da albashi da inshora da man kansa. A shekara dala miliyan 7.3 ke nan, ko yana aiki ko yana ɗaure. In ya raba tan 200,000 a shekara, dala 36 da rabi ke hawa kan kowane tan, mai saye ba zai ma ji ba. In tan 20,000 kawai ya samu, dala 365 ne a kan kowane tan, kuma ba a zo kan kuɗin gas ɗin ba, ko na sanyaya shi, ko na rumbu, ko na shiga tasha. Jirgin bai canza ba, ma'aikatan ba su canza ba, amma kuɗin kaiwa ya ninka sau 10. Shi ya sa babu lamba guda da wani zai ba ka ya ce ga kuɗin kaiwa daga Bonny zuwa Legas. Sai an san masu sha nawa ne.

Mai jirgi ba ya sayen inji sai ya ga famfo, mai famfo ba ya ginawa sai ya ga jirage. Inda aka kwance wannan ƙulli, takarda ce ta kwance shi. Kafin jirgin rabo mai suna Gas Agility ya fara ba manyan jiragen kamfanin CMA CGM gas a Rotadam a 2020, tun 2017 CMA CGM ya sa hannu da kamfanin mai na Total cewa zai riƙa sayen tan 300,000 duk shekara har shekara 10. Da wannan takarda a hannu ake zuwa banki.

Batun gas namu ne kuma, Alhaji, ka yi hattara da shi. Kashi 49 cikin 100 na NLNG ne na NNPC, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni ne, kuma yawancin gas ɗin an riga an sayar da shi a kan kwangiloli masu dogon zango, da dala. Wanda zai sayar maka a Legas sai ya duba abin da zai samu in ya kai Sifaniya ko Fotugal. A 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke, farashin gas a Turai ya yi tashin gwauron zabi, jirage da dama masu injin nan mai shan biyu suka rufe bawul ɗin gas suka koma mai. Su suna da ƙarfin jira. Kai da naira ake biyan ka dako, in ka rufe bawul, kuɗin tanki da rumbu sun kwanta, bashin kuwa bai kwanta ba.

Ka nemi dillalin ya rubuta maka abu uku a takarda: farashin tan guda a bakin jetinka, sunan wanda zai kawo, da tsawon lokacin da farashin zai tsaya.

Ɗan Alaba Rago:

Ina neman afuwar manya, ni ɗalibi ne a jami'ar jihar Legas da ke Ojo, amma raina bai kwanta da a tsaya a nan ba. Nijeriya na da gas sama da kubik ƙafa tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, a 2021 gwamnati ta ayyana shekaru goma na gas, kuma har yau ana ƙona shi a banza a Neja Delta. Tun ƙarshen 2023 da hare-haren Bahar Maliya suka sa jirage barin mashigar Suwez suna zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, hanyarsu ta koma ta yammacin Afirka. Lome ta ƙasar Togo, da ba ta da abin da muke da shi, ita ce ta zama inda jirage ke tsayawa juyen mai a teku. Mu fa?

Sannan me ya sa dole sai daga jihar Ribas? Bututun gas daga Escravos ta jihar Delta zuwa Legas yana nan tun 1989, shi ke kai gas tashar lantarki ta Egbin, wadda ke bakin ruwa a yankin Ikorodu, ba nisa da inda Baba yake sauke kwantenarsa. In aka kafa ƙaramar masana'antar sanyaya gas a nan, irin ta kamfanin Greenville a Rumuji ta jihar Ribas, ai kilomita 600 ɗin da Malam Mai Tanka ya sha wahalarsu sun fita daga lissafi.

Injiniyan Jirgi, Idi-Araba:

Ƙanena, maganarka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Jiragen da ke zagayowa ta Afirka ta Kudu can nesa da gaɓa suke wucewa, kuma kyaftin ba zai karkato Legas ba sai ya tabbata zai sha ya fita a ranar. Nan kuwa kafin a ɗaura tiyo ɗaya sai hukumar sufurin teku NIMASA da ta tashoshin jiragen ruwa NPA da ta mai da gas NMDPRA sun yarda, a cikin tafkin Legas kuma ga hukumomin hanyoyin ruwa, NIWA ta tarayya da LASWA ta jiha. Dokar IGF ta duniya kan jirage masu shan gas, wadda ta fara aiki a 2017, ta wajabta wa ma'aikatan jirgi mai shan gas horo da takardar shaida ta musamman.

Amma sanyaya gas a kan bututun da ya riga ya iso Legas, wannan hanya ce. Sai dai ƙaramar masana'anta tan ɗinta ya fi na babba tsada, tana bukatar wuta mai ɗorewa, da gas da ba ya yankewa, Egbin kanta kuwa akwai lokutan da take rage aiki saboda ƙarancinsa. Kuma tog ba za su riƙe ta su kaɗai ba. Masana'antu da manyan motoci ne za su fara ɗaukar nauyinta, jiragen Alhaji su shigo daga baya su sami famfo a tsaye.

Abu ɗaya da ba na so a ɓoye wa Alhaji: rashin baƙin hayaƙi gaskiya ne, hayaƙi mai ɗumama duniya ma yana raguwa da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 a bakin bututu. Amma ƙananan injuna, musamman in ba a matsa musu ba, suna sakin wani ɓangare na gas ɗin bai ƙone ba, shi kuwa ya fi hayaƙin illa wajen ɗumama, Turai ma ta fara sa shi cikin lissafi. Tog kuwa rabin yininsa a jira da tafiyar hawainiya yake ƙarewa. Ga gajeriyar tafiya irin ta Ikorodu, CNG, wato gas ɗin da aka matse a tukwane kamar na motocin haya, ya fi kusa da hannu domin ba ruwansa da sanyi, sai dai tukwanensa suna da nauyi kuma wurin da za su ci ya fi ninki biyu na LNG.

Baban Hadiza, Agege:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Mai Tanka, na gane ka tun layin farko, Allah ya bar zumunci.

Jiya bayan la'asar na kira dillalin na karanta masa abubuwa ukun da Maman Abba ta ce, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gas ɗin ana shirin kawowa. Na ce wa zai kawo, ya ce zai bincika ya kira ni. Da dare muka zauna da ƙanena, muka tsaya a kan sabon injin dizal mai ƙarancin sha, a sa shi kafin ruwa ya sauka.

Ba don na raina gas ba ne. Akwai yaro a ɗakin injin babban tog ɗin, ɗan ƙanwata ne, tun yana shekara 19 yake tare da mu. In ya fito bayan tafiyar Ikorodu ya yi kaki, baƙi ne kamar gawayi, kuma tarinsa ya ƙi tafiya tun hunturu. Duk lokacin da na ji shi sai in tuna bututun jirgin nan na Lekki. Ina so in ga ranar da zai yi aiki a inda ba ya shaƙar wannan abu.

Maganar ɗana na Alaba Rago ita ce ta hana ni barci. Mu masu tog da baji a layin Ikorodu da Epe muna da ƙungiya, muna taro duk Asabar ta farkon wata, amma kullum a kan kuɗin jeti da na jami'ai muke ƙarewa. Ba mu taɓa haɗa littattafan manmu wuri ɗaya ba. A taro mai zuwa zan roƙi kowa ya zo da nasa na wata shida, har da masu kamun kifi da suke ɗaurewa a Kirikiri in sun yarda. Maman Abba, in na turo miki jimillar litar, don Allah ki mayar mini da ita tan na LNG a shekara, ki kuma faɗa mini tanka nawa ke nan a mako, don in san da abin da zan tunkari masu gas.

Injiniya kuma ina da roƙo. Ranar Litinin masu walda za su yanke bene don a fitar da tsohon inji. Ka faɗa mini faɗin wurin da zan sa su bari a bayan ɗakin tuƙi, da irin ƙarfin da za a ƙara wa benen a ƙarƙashinsa, yadda in gas ya iso Ikorodu za a ɗora tanki ba sai an sake yanka jirgin ba.